Fadamar Luwiziyana ko dajin Minesota: wace farautar tsuntsaye ta dace da kai?

Wanda ya samu hutun kwana uku ko huɗu a Amurka, yake kuma son ya biya ɗan jagora ya fita da shi harbin tsuntsaye, ga hanya biyu daga cikin waɗanda ke gabansa. Ko ya gangara kudu zuwa fadamun bakin teku na jihar Luwiziyana, inda agwagin daji ke sauka daga Nuwamba zuwa Janairu, ko ya haura arewa zuwa dazuzzukan Minesota, Wiskonsin da Mishigan, inda ake bin kare a ƙasa ana neman girawus da wudkok a watan Oktoba. Duka biyun da bindiga mai watsa ƙwayoyi ake yin su, duka biyun kuma sai da lasisi. Kamanninsu ke nan. Wahalar da jiki zai sha daban, abin da ke ɓata tafiya daban, hatta tabbacin cewa kai ka kashe abin da za ka ci ba ɗaya ba ne.

Agwagin fadama galibi baƙi ne masu wucewa. A filayen arewacin Amurka da Kanada suke ƙyanƙyasa, sanyi ya koro su kudu ta hanyar kogin Misisifi. Waɗanda aka fi samu a Luwiziyana su ne gadwal, til mai shuɗin fiffike, til mai koren fiffike, shabla mai faɗin baki, da fintel mai dogon wutsiya. Wannan fintel ɗin jinsinsa ɗaya da wanda ke baro ƙasashen arewa ya zo fadamun Haɗeja da Nguru lokacin hunturu. Girawus kuwa ɗan gida ne, ba ya ƙaura. Ya ɗan fi makwarwa jiki, nauyinsa ya wuce rabin kilo da kaɗan, namansa fari. Wudkok ƙarami ne, bai cika wuce giram 200 ba, yana da dogon baki da yake caka wa ƙasa mai laushi yana zaƙulo tana. Shi yana ƙaura, da dare yake tafiya, kuma da zarar ƙasa ta daskare sai ya bar arewa.

Takardu

Tun daga dokar 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura, gwamnatin tarayya ce ke shata iyakar farautar agwagi da wudkok, jihohi su zaɓi ranakunsu a cikin iyakar. Girawus yana hannun jiha ita kaɗai.

Mai zuwa fadama yana buƙatar lasisin jihar, da izinin harbin agwagi na jihar, da rajistar ƙidayar tsuntsaye masu ƙaura da ake kira HIP, sannan da kan sarkin agwagwa na tarayya idan ya kai shekara 16. An fara sayar da kan sarkin nan a 1934, farashinsa dala 25 tun 2015, kuɗinsa kuma ana sayen fadamu da su. Mai zuwa daji lasisin ƙananan namun daji zai saya, ya ƙara rajistar HIP saboda wudkok, babu ruwansa da kan sarki. Kowace jiha tana neman shaidar kwas ɗin koyon farauta daga wanda aka haifa bayan wata shekara: Luwiziyana daga 1 ga Satumba 1969, Wiskonsin daga farkon 1973, Minesota daga farkon 1980. Akwai sassauci ga sabon shiga da zai fita ƙarƙashin kulawar mai lasisi, amma sai an nema tun kafin ranar.

Baƙon da ya shiga ƙasar da bizar ziyara ko ta karatu ya kula da wannan sosai: dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai idan yana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Saboda haka lasisi ake fara saya, sannan a taɓa bindiga, ko da ta aro ce daga hannun jagora.

Safiya a fadama

Kudu maso yammacin Luwiziyana, wajen gundumomin Kamaron da Bamiliyan, shi ne cibiyar wannan sana'a, sai kuma Benis a bakin Misisifi. Ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba. Jirgi mai injin da aka ƙera don laka shi zai ratsa da ku cikin duhu zuwa maɓoya, wani akwati ko dandamali da aka lulluɓe da kara da ciyawa a bakin kududdufi. Jagora zai watsa agwagin roba, dozin biyu zuwa biyar, ya bar fili a tsakiyarsu inda yake so na gaske su sauka. Agwagwa iska take fuskanta idan za ta sauka, don haka ake zama iska na bugun baya ko gefe. Doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana. Jagora ne ke busa usur na kwaikwayon kukansu, shi ne ke cewa a tashi a harba, karensa, galibi Labrador, shi ke shiga ruwa ya ɗauko. Kafin ƙarfe goma yawanci an gama. Masauki da yawa sukan haɗa da kamun kifi da yamma.

Aikin baƙo a nan kaɗan ne: ya zauna shiru, ya ɓoye fuskarsa, ya miƙe ya harba idan an ce. Dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko yaro ɗan shekara goma sha biyu duk za su iya. Kuma idan rana ta yi kyau, harbin da mutum zai yi a awa ɗaya ya fi wanda zai yi a yini biyu a daji.

Sai dai fa rana ba kullum take kyau ba, kuma babu abin da jagora zai iya yi a kai. Agwagi suna biyo sanyi ne. Idan hunturu ya yi laushi a jihohin Misuri da Akansas da ke arewa da Luwiziyana, da yawa can za su tsaya, maɓoyar da ta cika bara ta zama wayam bana. Kwana ɗaya ko biyu bayan guguwar sanyi ta iso daga arewa su ne ranakun albarka, amma wanda ya kama wuri tun watan Yuni ba shi da ikon zaɓen su. Iskar arewa mai ƙarfi kuma takan tura ruwan fadama zuwa teku, kududdufin jiya ya wayi gari taɓo, jirgi ya kasa isa. Ranar da babu iska ko kaɗan, agwagin roba sukan tsaya cik kamar an dasa su, na gaske su hango su daga sama su kauce. Jagora na ƙwarai yakan ɗaura wa wasu igiya yana ja don ruwa ya motsa. Hazo yana jinkirta fita. A ɗan gajeren lokacin harbin til na watan Satumba, zafi ne da sauro, kuma kadoji ba su kwanta ba tukuna, har wasu jagorori ba sa sakin kare.

Ita kanta fadamar tana zaizayewa. Luwiziyana ta yi asarar ƙasar da ta kai murabba'in kilomita dubu biyar a gaɓarta tun daga 1932, guguwar Rita a 2005 da Laura a 2020 kuma sun tura ruwan gishiri cikin fadamun Kamaron. Gishiri yana kashe ciyawar ƙarƙashin ruwa da gadwal ke ci. Shi ya sa tambayar ko fadamar jagora ta ruwan daɗi ce ko mai gishiri-gishiri ce, da ko yana da hanyar sarrafa ruwanta, ta fi tambayar kyan masauki muhimmanci.

Abin da ya fi jefa sabon shiga cikin matsala shi ne gane tsuntsu. An saba ba da kwana 60 da agwagi shida a rana a wannan yanki, amma cikin shidan kowane jinsi da iyakarsa. Malad, agwagwar da namijinta ke da koren kai, ba ya wuce huɗu, mata a cikinsu ba sa wuce biyu. Agwagwar nan mai ɗigo-ɗigo ta bakin teku, wadda ba ta ƙaura, ɗaya tak ake yarda, a farkon lokacin farautar ma an hana harbinta, ga shi kuma a hasken asuba tana kama da macen malad. Iyakar fintel takan canza daga shekara zuwa shekara. Wanda bai iya rarrabe su a sama ba ya dogara ne kacokan ga idon jagora, alhali idan jami'in kula da namun daji ya zo, wanda ya harba shi ke da laifi. Haka nan idan an zuba hatsi a wurin don jawo agwagi: haramun ne, kuma wurin yana nan a haramce har kwana goma bayan an kwashe hatsin.

Yini a daji

A arewa ba a sammako. Ana fita bayan hantsi, a yi ta tafiya har la'asar sakaliya. Grand Rapids a Minesota, Park Falls a Wiskonsin, da yankin arewacin Mishigan su ne wuraren da aka fi sani. Minesota da Wiskonsin suna buɗewa tsakiyar Satumba su rufe farkon Janairu. Mishigan tana buɗewa 15 ga Satumba, ta dakata 14 ga Nuwamba saboda farautar barewa, ta dawo a Disamba. Girawus biyar ake yarda a rana a yawancin arewa, wudkok uku, shi kuma kwana 45 kacal ake ba shi.

Faɗin lokacin kada ya ruɗe ka. A Satumba ganye ya rufe ko'ina, sai dai ka ji fatar fiffike ba ka ga komai ba. Bayan shigowar Nuwamba wudkok ya tafi, masu harbin barewa sun cika daji. Makonni biyu ko uku na tsakiyar Oktoba su ne zuciyar abin: ganye ya zube, wudkok na Kanada suna saukowa, sanyi ya yi daidai da aikin kare. Jagororin kirki sukan cika waɗannan ranaku tun da wuri.

Girawus ba ya son tsohon daji mai manyan itatuwa da sarari. Inda aka sare itacen asfen shekara biyar zuwa ashirin da suka wuce, ya sake tsirowa a cunkushe, sanduna masu kaurin damtse, nan yake zama, don shaho ba ya iya kutsawa. Wudkok yana ƙasa-ƙasa, cikin itacen alda a bakin rafi inda ƙasa ke da damshi. Ma'ana, duk inda tafiya ke da daɗi babu tsuntsu. Mutum zai yi kilomita takwas zuwa goma sha biyar yana sunkuyawa, yana tsallake gungume, reshe na dukan fuskarsa, bindiga a hannu. Tabarau na kare ido dole ne, haka ma hula ko riga ruwan lemo mai ƙyalli, wadda Minesota ta wajabta.

Kuɗin da ake biya a nan kusan na kare ne. Karen, ko seta ne, ko fointa, ko Biritani, yana gaba da ƙararrawa a wuya da na'urar GPS. Idan ƙararrawa ta yi shiru, kare ya sansano tsuntsu ya ƙame. Maharbi ya zagayo ta gefen kare ya wuce gabansa, ba ta bayansa ba. Wudkok yakan lafe har a kusa taka shi, sannan ya tashi sama tsaye. Shi ne malamin sabon shiga. Girawus kuwa yakan sulale a ƙasa ya tashi mita ashirin gaba da ƙara mai firgitarwa, ya saka itace tsakaninsa da kai. Daƙiƙa ɗaya ko biyu kake da ita. Yawancin waɗanda suka tashi ba za ka samu damar harbinsu ba, shi ya sa mutanen daji ke auna kyan yini da yawan tsuntsayen da aka tasa, ba da waɗanda suka shiga jaka ba. Wanda ya dawo da girawus biyu ya yi rawar gani.

Nan ma akwai abin da ya fi ƙarfin jagora. Yawan girawus yana hawa yana sauka a zagayen kusan shekara goma. Hukumomin jihohi suna ƙirga bugun fiffiken maza kowace bazara su fitar da sakamako, sai dai ruwan sama mai sanyi a watan Yuni yana iya kashe 'yan tsaki bayan ƙidaya ta nuna alheri. Wudkok na iya cika fadamar rafi yau, gobe ba ko ɗaya. Amma ga bambancin da ya fi kowanne: idan wuri ya ƙi, sai a koma mota a gwada wani. A yini ɗaya ana iya shiga wurare biyar ko shida. Mai zaune a maɓoya ba shi da wannan damar, sai kallon sama.

Haɗarin daji na kusa ne. Kaska mai ɗauke da cutar Laim tana nan har Oktoba, don haka a duba jiki kowace yamma. Beguwa takan cika bakin kare da ƙaya, yini ya ƙare a asibitin dabbobi. Mafi muni shi ne harbin tsuntsun da ya tashi ƙasa-ƙasa, inda kare ko abokin tafiya ke iya kasancewa a bayan ganye. Ƙa'idar jagorori ita ce kada a ja kunama sai an ga tsuntsu ya haura saman kai, kuma an san inda kowa yake.

Bindiga da harsashi

A fadama bindiga mai geji 12 aka fi amfani da ita (geji ma'aunin faɗin bututu ne, yawan lambar ƙanƙantar bututun), mai sarrafa kanta ko ta ja-da-baya, harsashi mai inci uku, ƙwayoyin ƙarfe lamba 2 zuwa 4, til kuma har lamba 6. Tun 1991 aka haramta dalma a harbin agwagi a duk ƙasar, domin suna haɗiye ƙwayoyin da suka nutse su mutu da guba. Ko harsashin dalma ɗaya aka samu a aljihunka a maɓoya, laifi ne, kuma hakan yakan faru ga wanda ya sa rigar da ya je daji da ita. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ƙarfinsa yana saurin raguwa, saboda haka harbin da ya wuce mita 35 galibi raunata tsuntsu kawai yake yi. Ba a harba shi a tsohuwar bindiga ko ta bakin da aka matse sosai, yana kumbura bututu. Ruwan gishiri yana sa tsatsa a dare ɗaya idan ba a goge an shafa mai ba. Bakin bindiga kuma idan ya caki laka, a sauke harsashi a leƙa bututu kafin a sake harbi, in ba haka ba yana iya fashewa.

A daji nauyi ne abokin gaba. Geji 20 ko 28 mai baki biyu, wadda ba ta kai kilo uku ba, da baki a buɗe don ƙwayoyi su bazu da wuri, lamba 7½ ko 8, ita ce daidai, tunda harbin bai cika wuce mita 25 ba. Bindigar da ke ɗaukar harsashi fiye da uku dole a toshe ta idan ana harbin agwagi ko wudkok. Kada a taɓa haɗa harsashin geji 20 da na 12 a aljihu ɗaya: ƙaramin yana zamewa cikin bututun babbar ya maƙale, na biyu ya biyo bayansa.

Ga Musulmi

Wannan ɓangaren jagorori ba su saba da shi ba, sai ka faɗa musu tun a waya. Al'adarsu ita ce murɗe wuyan tsuntsun da aka ɗauko da rai. Kai kuwa so kake ka yi bisimilla lokacin harbi, wanda aka same shi da sauran rai ka yanka shi. Riƙe ƙaramar wuƙa mai kaifi, ka roƙi jagora ya miƙo maka duk wanda kare ya kawo yana motsi. Doka ma tana so a kashe shi nan take, don haka babu saɓani.

A nan daji ya fi fadama nesa ba kusa ba. Mutum ɗaya ko biyu ke bin kare, kowa ya san tsuntsun da ya harba. A maɓoya kuwa bindiga huɗu ko biyar ke tashi lokaci guda kan garke ɗaya, agwagwa ta faɗo kowa na ganin tasa ce. Wanda wannan ya dame shi, ya kama maɓoya shi da abokansa kaɗai, ko a yi yarjejeniyar harbi bi da bi. Abinci ma a yi maganarsa: girkin kudancin Luwiziyana cike yake da naman alade, har ƙirjin agwagwa sukan naɗe da shi kafin su gasa. Sallar asuba kuma takan riski mutum a jirgi ko a maɓoya, gara ya fito da alwalarsa.

Wanne za ka zaɓa

Kuɗin jagora a wurare biyun ɗaruruwan daloli ne a rana, ban da lasisin baƙo, harsashi, da ihsanin da aka saba ba jagora, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A fadama kowane mutum ake caji, kuma sau da yawa akwai mafi ƙarancin adadin da za a buɗe wa maɓoya. Wanda ya zo shi kaɗai za a haɗa shi da baƙin da bai san yadda suke riƙe bindiga ba. A daji kuɗin yini ne na mutum ɗaya ko biyu, fiye da haka sai an ƙara jagora.

Idan ku huɗu ne, ko akwai dattijo a cikinku, ko tafiya ce ta sau ɗaya da ake son a ji ƙarar bindiga a dawo da nama, ku tafi Luwiziyana, ku kama safiya uku ba ɗaya ba, don ko sanyi zai iso a cikinsu. Idan ku biyu ne masu lafiyar ƙafa, musamman idan kana zaune a ƙasar kuma kana son farautar ta zame maka abin yi, daji ya fi. Fadamun Luwiziyana masu kyau galibi na masu zaman kansu ne da ake haya, ga jirgi ga agwagin roba, don haka baɗi ma sai ka sake biya. Arewa kuwa cike take da dajin gwamnati da kowa ke shiga, irin su Chippewa a Minesota, ga hanyoyin ƙafa da aka share don mafarauta. Wanda ya bi jagora kwana biyu ya koyi gane shekarun asfen da ido, zai iya komawa da takalminsa da bindigarsa kawai, ko babu kare.

Kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami, tambayi mai fadama mutum nawa ke zama a maɓoya ɗaya, kwana nawa yake hutar da kowane kududdufi, yana da lasisin ɗaukar fasinja a jirgi da rigunan ceto, kuma me zai faru da kuɗinka idan hazo ko janyewar ruwa ya hana fita. Mai daji kuma ka tambaye shi karnuka nawa yake fita da su, domin kare ɗaya ba ya aikin yini guda da ƙarfinsa, jagoran kirki yakan zo da uku ko huɗu yana sauya su. Idan za ka tafi gida da agwagi ko wudkok, a bar wa kowanne fiffike ɗaya da gashinsa har ka isa, kuma duk wanda ka bari a hannun masu fiɗa a manna masa takarda mai sunanka, adireshinka, sa hannunka, adadi da jinsin tsuntsayen, da ranar da aka harbe su.